Yadda iyali a Yamai za su ci moriyar ɗakin karatu na jama'a, daga yankar kati zuwa akwatin littattafan unguwa

A gidaje da yawa na Yamai, idan aka cire Alƙur'ani mai girma da ƴan littattafan addini na maigida, sai kuma littafin boko ɗaya ko biyu da yara ke karɓa-karɓa, da wuya a tarar da wani abin karantawa. Ba ƙin ilimi ne ya jawo haka ba, domin mutanen da ke tashin yaro da asuba ya ɗauki allo ba za a ce ba su san darajar karatu ba. Tsada ce. Uban da ke da ƴaƴa biyar a makaranta, ga kuɗin haya da na wuta da na ruwa a wuyansa, ba zai fifita littafin labari a kan tiyar gero ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Domin irin wannan uban aka kafa ɗakin karatu na jama'a, inda ake tara littattafai wuri guda, wanda ya so ya zauna ya karanta, wanda ya so ya ara ya tafi da shi gida. Tun a 1949 hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa a kan irin waɗannan ɗakuna, an sabunta ta a 1972 da 1994 da 2022, kuma har yau ginshiƙinta ɗaya ne: ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a duba shekaru ko addini ko harshe ko abin hannu.

Abin da nake so in nuna shi ne cewa amfanin ɗakin karatu bai tsaya a kan wanda sunansa ke jikin kati ba. Idan an tsara abin da kyau, kati ɗaya yana wadatar da gida guda, har da kakar da ba ta taɓa shiga aji ba. Amma tsarin ba ya yin kansa, sai an bi shi mataki bayan mataki.

A fara da sanin wurin

Matakin farko na maigida ne ko uwargida, kuma ya fi kyau a yi shi ba tare da yara ba. A Yamai akwai ɗakin karatu a cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, wadda kowa ya fi sani da CCOG. Akwai kuma tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke fuskantar gidan tarihi na Bubu Hama, wadda aka sauya wa suna a watan Oktoba na 2024 zuwa sunan Mustafa Alasan. Ɗakunan karatu na jami'ar Abdu Mumuni an yi su ne musamman domin ɗalibai da malamanta, haka nan ma sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH wurin masu zurfafa bincike ne, ko da yake duk wanda ya gaji takardun kakanninsa ya kamata ya san da zamansa. Bayan waɗannan, akan sami ƙananan ɗakuna a wasu gidajen matasa da makarantu da ƙungiyoyi, kuma hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce a tambaya a ma'aikatar magajin garin da'irar da mutum yake, daga cikin da'irori biyar na birnin, ko a tambayi daraktan makarantar yara.

Shawarata ita ce a zaɓi kusa a kan girma. Ɗakin da yaro zai iya takawa da ƙafa ya fi wanda sai an shiga taksi biyu, komai yawan littattafansa, saboda kuɗin mota shi ne abin da ke kashe niyyar yawancin iyalai tun a wata na biyu. Wanda ke zaune a Harobanda ya lissafa ƙetare gada, wanda ke Bukoki ko Talaje ya lissafa nasa.

Idan an je, a gaisa da ma'aikacin wurin yadda ya kamata, sannan a yi masa tambayoyi a rubuta amsoshin, domin dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri kuma suna sauyawa. A tambayi ranaku da lokutan buɗewa, da yadda suke komawa a watan azumi da lokacin babban hutu. A tambayi kuɗin rajista na shekara, da ko akwai rangwame ga ƴan makaranta. A tambayi littafi nawa ake ara a lokaci guda, kwana nawa ake riƙewa, da abin da ke biyo baya idan an makara ko littafi ya lalace. A ƙarshe a roƙi izini a zagaya: a ga inda yara ke zama, a ga ko akwai ruwan sha da makewayi da wurin salla a kusa. Uban da ya ga wuri da idonsa ba ya jin nauyin barin ɗiyarsa ta je, kuma na sha ganin yadda rashin wannan zagayawa ta minti goma ke hana yarinya mai ƙwazo abin da aka bar wa ƙanenta.

Yankar kati

Abin da aka saba nema bai da yawa: katin shaida na babba, ƙananan hotuna, takardar shaidar makaranta ga ɗalibi, da kuɗin rajista. A tafi da lambar wayar da ke aiki. Idan hali bai ba da damar yi wa kowa kati ba, a yi guda, amma a yi tunani a kan wanda za a sa wa suna. Ba lalle sai babban ɗa ba. A duba wanda ba ya yar da kayansa, wanda idan an aike shi yakan dawo da canji cif, ko mace ce ko namiji, sannan a faɗa masa a gaban kowa cewa katin na gida ne, shi amana aka ba shi. Idan littattafan manya da na yara katinsu daban ne, to babba ɗaya ya ƙara nasa in da hali.

Zuwan farko da yara

A zaɓi rana guda a mako a tsayar da ita, kamar yadda aka tsayar da ranar kasuwa. Asabar da safe ta fi dacewa da yawancin gidaje idan ɗakin yana buɗewa, kafin rana ta take. A sa yara su wanke hannu, a faɗa musu tun daga gida cewa ba a ci ba a sha a kan littafi, kuma ba a ɗaga murya. Da an shiga, a gabatar da su ga ma'aikacin da sunayensu: "Malam, ga ƴaƴana, na kawo maka su, don Allah ka nuna musu hanya." Wannan ƴar magana tana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin ma'aikacin da ya san yaro da sunansa yakan ajiye masa littafi, yakan lura idan ya daina zuwa, yakan kuma tsawata masa idan ya ga abin da bai dace ba.

Sai a koyi yadda aka jera kaya. Ɗakunan karatu da yawa a duniya suna bin tsarin da wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fitar a 1876, wanda ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Ba a bukatar haddace shi duka. Ya isa a san cewa addini yana 200, harsuna 400, lissafi da kimiyya 500, kiwon lafiya 610, noma da kiwo 630, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Lambar tana rubuce a ƴar takardar da aka manna a gefen littafi, gefen da ake gani idan an jera shi a kanta. Inda ba a bin wannan tsari, ma'aikaci zai faɗi wanda suke bi. Abu ɗaya da ya kamata yaro ya riƙe shi ne kada ya cusa littafi inda ya ga dama bayan ya gama dubawa, domin littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba tamkar ya ɓata ne, ko da yana cikin ɗakin. Idan an manta wurinsa, a bar shi a kan tebur ko a miƙa wa ma'aikaci.

Wajen zaɓe, iyaye sukan yi kuskure guda: su tilasta wa yaro littafin darasi kaɗai, su hana shi mai hotuna da labari, suna ganin wasa ne. A ganina wannan yana kashe sha'awar tun ba ta tsiro ba. Idan ana ba da aro biyu, a bar yaro ya zaɓi ɗaya da kansa, ko da mai zane-zane ne, babba ya zaɓi ɗayan. Domin a gane ko littafi ya yi wa yaro nauyi, a sa shi ya karanta shafi guda a hankali. Idan ya yi tuntuɓe da kalmomi fiye da biyar, a mayar a ɗauki mai sauƙi, ba tare da an kunyata shi ba. Yaro ɗan aji biyar da ya karanta littafin aji uku har ƙarshe ya fi wanda ya ɗauko na kwaleji ya tsaya a shafi na biyu.

Kada a fita ba a tambayi littattafan Hausa ba, na boko da na ajami, da na Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Tun a 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram, cibiyar INDRAP ta daɗe tana shirya littattafan makaranta, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka yawancin abin da ke kan kantoci da Faransanci yake. Idan an tambaya aka ce babu, a roƙi ma'aikacin ya rubuta bukatar. Shi ma idan ya je neman sababbin kaya wurin na gaba da shi, hujjarsa ita ce abin da jama'a suka nema, kuma abin da ba a tambaya ba ba a sayo shi.

Inda aikin yake: cikin gida

Da littafi ya shigo gida, a fara sama masa mazauni. Maƙiyansa a nan garin sanannu ne: ƙurar hunturu, gara, yoyon ɗaki da damina, man miya, da hannun jariri. A sami leda mai kauri ko ƙaramin akwati, a ɗora shi sama nesa da bango da ƙasa, kuma ya zama nan ne kaɗai littafin aro ke kwana. A ware kaye guda, wato littafin rubutu, a ja layi huɗu: sunan littafi, ranar da aka aro, ranar mayarwa, da wanda ya karanta. A rubuta ranar mayarwa kuma a jikin kalandar bango inda kowa ke gani.

Sai lokaci. Tsakanin magariba da isha'i na karatun allo ne a gidaje da yawa, kuma bai kamata a taɓa shi ba. Bayan an ci tuwon dare, lokacin da aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, shi ne ya fi. Minti ashirin sun isa, sau uku ko huɗu a mako, kuma gara kaɗan da ke ɗorewa da mai yawa na mako guda. A tanadi fitila mai cajin rana saboda ɗaukewar wuta. A kashe talabijin, manya su ajiye waya, domin yaron da aka ce ya karanta alhali babansa na latsa waya ya riga ya gane wanne ne mai muhimmanci.

Yadda ake zaman shi ne zuciyar wannan bayani duka. Yaro ɗaya ya karanta da ƙarfi, sakin layi ɗaya ko biyu, sannan ya rufe littafin ya faɗi abin da ya karanta da Hausa, ko da harshen da ake yi a gidan. Wannan juyawa tana yin aiki biyu. Na farko, tana tona asirin karatun aku: yara da yawa suna furta Faransanci sumul ba tare da sun san abin da suke faɗa ba, kuma ba a ganewa sai ranar jarrabawa, amma wanda aka ce ya faɗa wa innarsa da Hausa ba shi da wurin ɓuya. Na biyu, tana shigo da waɗanda ba su yi boko ba cikin zaman a matsayin masu hukunci. Uwa tana iya cewa, "Ban gane ba, sake faɗa," kuma wannan tambaya ta fi gyaran malami tasiri. Kaka tana iya cewa, "Ai wannan labarin muna da irinsa," ta kawo tatsuniyarta, a ji "ga ta nan ga ta nanku" a gidan da aka daɗe ba a ji ba. Idan haka ta faru, a sa ɗaya daga cikin yaran ya rubuta tatsuniyar a bayan kayen da Hausa, a sa sunan kaka a ƙasa. Na san gidan da irin wannan kaye ya zama abin da suka fi ji da shi bayan tsohuwar ta rasu.

Kada a gyara kowace kalma da yaro ya kuskure, kada kuma a bar manyan yara su yi wa ƙanana dariya. A bar mai karatu ya kai ƙarshen jimla, sannan a koma kan kalma ɗaya ko biyu. Ƙananan da ba su fara makaranta ba a ba su littafin hotuna a hannu, a tambaye su abin da suka gani, su koyi juya shafi daga gefe a hankali ba tare da yawu ba.

Manya ma su ari nasu. Uwar da ke da goyo ta nemi littafi a kan ciyar da yara da zazzaɓin cizon sauro, a karanta mata, amma a sani littafi ba ya maye gurbin zuwa likita. Wanda ke da lambu a bakin kogi ko ƴan tumaki a bayan gida ya duba kantar 630. Mai neman aiki ya riƙa leƙa jaridu, musamman Le Sahel, inda ake buga sanarwoyin gasar ɗaukar ma'aikata, kuma idan ɗakin yana da kwamfuta da intanet ya tambayi ƙa'idar amfani da su.

Ga masu shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji da ta Bak ta ƙarshen lise, ɗakin karatu yana ba da abin da gidan haya mai ɗaki biyu ba zai iya bayarwa ba, wato tebur da shiru, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ya kai maƙura kuma jarrabawa ta matso. Su je da wuri domin kujeru kan cika, su nemi littattafan tsofaffin tambayoyi da ƙamus, waɗanda galibi ba a fita da su. Kada rukuninsu ya wuce mutum uku, in ba haka ba ya koma fadar hira. Iyaye kuma su rage wa ɗiya mace aikin gida a waɗannan watanni, su raba shi ga kowa, domin ba a haɗa wanke-wanken gida guda da bitar lissafi a wuni ɗaya a sa ran sakamako iri ɗaya da na ɗan'uwanta.

Mayarwa

A mayar da littafi ranar da aka ce, ko a je a sabunta aron idan ba a gama ba. Idan ya yage, kada a liƙa shi da gam a gida, a kai shi yadda yake a faɗi gaskiya. Wata damina ruwa ya taɓa jiƙa mana littafin aro da aka manta a kan tabarma, kunya ta sa muka yi makonni ba mu je ba, yara suka rasa karatun wata guda a banza. Da na je na bayyana, abin da aka nema bai kai yadda na yi ta tsoro ba. Littafin da ya jiƙe a buɗe shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, kada a shanya shi a rana, domin takarda takan kumbura ta lanƙwashe.

Daga gida zuwa unguwa

Bayan wata uku ko huɗu, ƴaƴan maƙwabta za su fara zama a bakin tabarma, kuma lokacin ne ake tunanin akwatin unguwa. A fara da kai gaisuwa wurin mai unguwa da liman, a bayyana musu niyya, domin abin da suka sa wa albarka ba a yi masa mummunan zato. Sannan a nemi ƙungiyar da ta riga ta saba haɗuwa a ɗora mata nauyin, maimakon a kafa sabuwa. Matan da ke adashe, ko ƙungiyoyi irin na Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991, sun riga sun iya riƙon akwati da kundin lissafi da cin tara, wato duk abin da ake bukata. Fadar samari ma tana iya ɗauka, idan an sami biyu daga cikinsu masu riƙon amana, kuma rabin awa na karatu da ƙarfi kafin shayi na biyu ba ya rage wa hira komai.

A sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗora shi a kan bulo, a zuba busasshen ganyen dogon yaro a ƙasansa saboda ƙwari. Littafi talatin sun isa farawa. A bi gidaje a roƙi waɗanda yara suka wuce ajinsu, a tara ɗan kuɗi a je wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a kewayen Babbar Kasuwa, a yi ciniki, a duba ko shafukan sun cika kafin a biya. Ba duk kyauta ake karɓa ba: littafin da ya ruɓe, ko wanda babu mai iya harshensa a unguwar, cika akwati kawai yake yi. A tambayi ɗakin karatun da ake zuwa ko suna ba ƙungiya aron littattafai da yawa a lokaci guda, ko ma'aikacinsu zai iya zuwa sau ɗaya ya nuna yadda ake sa lamba da rajista. Kowane littafi a sa masa lamba a cikin bango, a rubuta ta a kundi. Dokar aro ta zama gajera yadda kowa zai riƙe: littafi ɗaya, mako ɗaya, wanda ya ɓatar ya kawo wani. A buɗe akwatin rana biyu a mako a lokaci tsayayye, ɗaya a inda mata za su iya zuwa ba tare da takura ba.

Kundin nan a riƙe shi da kyau, domin shi ne zai yi magana a gaban hukuma. Idan ya cika wata shida, a ƙirga mutum nawa suka ara, yara nawa, mata nawa, da littattafan da aka fi nema. A rubuta takarda mai shafi ɗaya, mai unguwa ya sa hannu, a kai ma'aikatar magajin garin da'ira, a nemi abu guda takamaimai, kamar ɗaki a makarantar unguwa bayan an tashi, ko kanta da benci biyu, ko fitila. Ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, da 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci, lokuta ne da kunnen hukumomi ya fi karkata ga irin wannan magana, saboda haka a kai takardar makonni kaɗan kafin ɗayansu. A riƙe kwafi a cikin akwatin, a rubuta ranar da aka kai da ofishin da ya karɓa, sannan a koma bayan mako biyu a ji inda aka kwana.